Jar Kular Hurera

Shekara shida ke nan da rasuwar matata Hurera, amma har yau in na zo wucewa ta wurin masu ƙanƙara a bakin kasuwar Dutsin-Ma sai ƙafata ta nemi birki. Ni ba marubuci ba ne, facin tayar babur nake yi. Bokona a aji uku ya tsaya, kuma ranar da na daina zuwa malaminmu ya fi ni murna. In kun ga harafi ya karkace ku yi haƙuri da Malam Iro.

Ɗiyarmu ta fari tana aure a Wurma, gidan Malam Sada, malamin firamare. Ba zan rubuta sunanta ba, kun san kunyar ɗan fari. Ni da Hurera ba mu taɓa kama sunan da bakinmu ba, "mutanen Wurma" muke cewa. Ta haura shekara goma a ɗakin miji ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. An sha rubutu, an sha sassaƙe, an kai ziyara inda duk aka kwatanta. In ana suna a dangi ita ce a gindin murhu tun safe, ba don son aiki ba, don kada ta zauna cikin mata a ce mata "saura ke". Ina gani in kau da kai, domin uba ba ya shiga wannan magana.

Kunyar uwa ta fi ta uba nauyi, amma Hurera ce ta fara sauke tata. Wata safiya ta yafa mayafi ta tafi Wurma, ta tasa su gaba har wani asibiti a Kano. Da ta dawo tana tankaɗe, ta juya mini baya, kamar da bango take magana.

"Malam, wai akwai wani aiki da ake yi. A ɗauki ƙwan mace da na mijinta a haɗa a wurin likita, in ya kama a mayar cikin mahaifar matar. Dashe suke ce masa."

"Na wa da na wa?"

"Na mace da mijinta na aure. Sada ya tambayi malamai, sun ce in dai haka ne babu laifi."

"To su wa za a yi wa?"

"Wasu mutane."

Na ce Allah ya ba wasu mutane sa'a. Nan maganar ta tsaya.

Ashe kafin a ɗebi ƙwan sai an jera wa mace allurai, alluran kuma ba su son zafi, ga shi a Wurma wuta sai ta ga dama. Sai Hurera ta sauko da wata jar kula da take zuba kunun zaƙi in an yi baƙi. Ta ce kullum da safe in cika ta da ƙanƙara in kai Wurma. Na ce na mi? Ta ce, "Ruwan sanyi suke so."

Haka na zama direban ƙanƙara. In ɗaure kula a bayan tsohon babur ɗina, in tsaya a zauren Malam Sada, ya karɓa ya shiga ya juye ya fito mini da ita. Mu gaisa, mu yi hirar damina da tsutsar gero, in juyo da wuri saboda halin da hanya take ciki. Ko sau ɗaya ba mu haɗa ido ba. Abokaina a rumfar faci kuwa suka sami abin yi. "Malam Iro, an koma zoɓo ne? A sam mana mai sanyi!" In ce ya ƙare, masu kirki sun shanye.

Dashen farko bai kama ba. Ba wanda ya faɗa mini. Hurera ta dawo daga Kano idonta jawur, ta ɗauki kular ta ɗora kan kabad, ta ce, "Gobe ka huta." Na gane.

Likita ya ce ana iya sakewa, amma kada a daɗe, don shekaru na ja. Yarinyar ta ce ita ta haƙura, ba za ta sake ɗaukar zafin allura da zaman jira a ƙarshe a ce babu ba. Hurera ta ce a bar ta ta numfasa, in an yi kaka za ta je ta lallashe ta. Kafin a yanke gero Hurera ta kwanta, ciwon bai daɗe ba, Allah ya karɓi abarsa.

Bayan an share makoki sai ya zamana babu mai yin magana. Malam Sada yana so a sake, amma ba ya son ya matsa wa marainiya. Saura ni, mai bakin da duk kasuwa ke tsoro. Ina liƙa faci ina shirya kalmomi, in na isa Wurma sai in ji kaina ina tambayar lafiyar awaki.

Wata safiya na sauko da kular, na wanke ƙurar, na cika ta da ƙanƙara. Ban tsaya a zaure ba, na yi sallama na shige har tsakar gida na dire ta gaban yarinyar. Tana tsintar wake. Ta dubi kular, ta sunkuyar da kai.

"Baba, ai yanzu babu allura."

Ranar ce kalmar ta fara ratsawa tsakanina da ita. Na ce, "Ni ban san wata allura ba. Ruwan sanyi aka ce kuna so. Kuma wadda ta aiko ni hutu ta ba ni, ba ta ce in daina ba."

Ta rufe fuska da bakin zane tana kuka. Ni kuma na tsura wa wata akuya ido kamar zan saya. Can na ce, "Gobe ma in kawo?"

"A'a Baba. Bari mu je Kano mu dawo, zan aiko."

Ta kuwa aiko. Na biyun ya kama. Mace aka haifa, aka mayar da sunan Hurera, muna ce mata Ummi. Ban ce ƙanƙarata ce ta yi ba, na san wasu da suka bi wannan hanya ba su dace ba, kuma ba su fi mu laifi a wurin Allah ba. Shi ya ba mu, sai likitocin da ban taɓa ganin fuskarsu ba, sai Malam Sada da bai taɓa ɗaga wa ɗiyata murya ba. Na gode musu duka.

Nakan tambayi kaina, da Hurera za ta leƙo yau, mi za ta ce? Za ta tarar da mai sunanta ta shiga makaranta, da hancin Sada da taurin kan kakarta, ta kuma ƙi aurena wai ina warin taya. Za ta tarar mata daga Kurfi da Makera suna zuwa Wurma da sunan gaisuwa, ɗiyarta na yi musu bayanin dashe fuska da fuska, ba juya baya. Na san za ta riƙe haɓa ta ce 'yan zamani ba kunya, sannan ta tambaye su wa zai riƙa kawo musu ƙanƙara.

Ba ta bar gona ba, ba ta bar zinari ba. Kula ta bari, da aiken da ba ta janye ba. Kwanan baya wani magidanci ya zo rumfata, tayarsa lafiya lau, yana ta kewaye-kewaye da hirar damina. Can ya ce, "Malam Iro, an ce kana da wata kula." Na ce wa za a kai wa? Ya dubi ƙasa ya ce, "Wasu mutane."

Ban ƙara tambaya ba. Na ce ai na san su, ruwan sanyi suke so, ya biyo ni gida.

Allah ya jiƙan Hurera, ya sanyaya makwancinta.