Malam Dabo, Mai Goge Mana Magana

Kullum in Malam Dabo ya idar da sallar asuba a gidansa na McLeansville, kafin ya kurɓi shayi sai ya maƙala tabarau ya buɗe guruf ɗin waya na Hausawa mazauna birnin Greensboro a ƙasar waje. Mu wajen ɗari huɗu ne a ciki, 'yan Kano, 'yan Damagaram, 'yan zangon Kumasi, kowa da bakinsa. Shekara goma sha ɗaya yana admin. Zagi ya goge, tallan maganin ƙarya ya goge, hoton 'yar wani da aka saka ba izini ya goge. Mu kuwa, maimakon sannu, sai muka laƙaba masa Baba Almakashi. Allah ya yafe mana!

Wata Talata da hantsi, Hardi, ɗan zangon Kumasi, ya rubuta cewa Allah ya yi wa mahaifin Salwa, wata 'yar guruf ɗinmu, rasuwa can gida a ƙasarsu. Ta'aziyya ta fara zuba. Malam Dabo ya goge duka, ya rufe guruf ɗin.

Hardi ya kira shi a fusace. "Haba Malam, ta'aziyya ma sai ka goge?"

"Hardi, Salwa ta sani?"

Malam Dabo ya ci gaba da cewa:

"Tana wurin aiki a Wendover, cikinta wata takwas. Sha biyu take samun hutu ta duba waya, kuma ita za ta tuƙo kanta gida. A haka kake so ta ji?"

Malam Dabo ya bar nasa aikin, ya ɗauko wata dattijuwarmu, Hajiya Kouloussoum, daga unguwar Sedgefield, ya kira mijin Salwa. Suka ɗauko Salwa daga wurin aiki, suka kai ta gida, suka zaunar da ita, aka ba ta ruwa. Hajiya ta fara da "jikin Baba ya yi tsanani", kamar yadda manya ke yi, sannan ta faɗa mata. Salwa ta sha kuka, amma a kafaɗar Hajiya ta yi shi.

Yanzu ido ya gaji, Malam Dabo ya ajiye aikin. Malam, kai ne ka sha zaginmu don kada mu ji wa juna ciwo, kuma wallahi muna jin kunyarka. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ranar suna, Salwa ta durƙusa gabansa da jaririyarta ta ce, "Baba, an ce akwai wani saƙo. Ban taɓa ganinsa ba. Na gode."

'Yan'uwa, mai gogewa ya tafi hutu. Kafin ka tura, tambayi kanka: mai abin ya sani?