Fayafayan Kawu a Kan Kwano

Warin jiƙaƙƙen kwali har yau ɗakin kawuna yake tuna mini. Shi ne ɗaki na ƙarshe a gidan kakata a unguwar Akwatialine ta Kumasi, kusa da famfo, kuma ban san daminar da rufinsa bai yi yoyo ba.

Kawu ya yi aikin jirgin ruwa yana saurayi. Waɗanda suka yi irin tafiyarsa sun dawo Kumasi da jarin shago ko abin gina ɗaki. Shi kuwa ya dawo da garmaho da akwati guda cike da fayafayai, ya kama gyaran fanka da rediyo a unguwar Asawase. Garmahon da akwatin nan su ne duk abin da teku ta bar masa. Sai ya wanke hannu kafin ya taɓa faifai, kuma a gefe yake riƙe shi.

Kiɗan da ke ciki shi yake kira furogiresib rok. Kada ka ɗauka irin hailaif ɗin da ake sawa a suna da biki ne. Waƙa ɗaya takan cinye fuskar faifai gaba ɗaya. Sarewa za ta fara a hankali, ganga ta shigo, ka soma gyaɗa kai, kafin ka kama takun an sauya shi. Matan gidanmu sun taɓa gwada rawa da shi, suka haƙura. Kakata, wadda koko da ƙosai take sayarwa, ta yanke nata hukuncin tun farko: mutanen nan ba su gama shawara ba suka fara kiɗa.

Ni fanka ce ta fara kai ni ɗakin, sai hotunan da ke jikin kwalayen, irin su matakalar da ta hau sama ba ta kai ko'ina ba. Da kawu ya ga na cika zama, sai ya ba ni aiki. "Yau ganga kawai za ka bi," in ji shi. "Gobe gita. Ka bar sauran su yi ta surutunsu." A haka kunnena ya buɗe. Na gane cewa abin da sarewa ta faɗa a farko shi ne fiyano yake maimaitawa can gaba da wata murya, kuma ranar da na ji haka da kaina na yi murnar da ban iya gaya wa kowa ba.

Wata damina ya ji ana ɗaukar ma'aikatan jirgi a Takoradi, ya tafi. A bayansa aka yi ta ruwa, rufin ya buɗe daidai kan akwatin. Da kakata ta shiga ta tarar kwalaye sun jiƙe har sun fara fumfuna, sai ta yi abin da take yi wa duk abin da ya jiƙe a gidan, ko tabarma ce ko barkono. Ta wanke fayafayan ɗaya bayan ɗaya, da rana ta fito ta jera su a kan kwanon rufin madafa. Da azahar har juya su ta yi, don kowace fuska ta samu rabonta. Na dawo daga makaranta na same su sun lanƙwashe kamar busasshen ganyen ayaba.

Kawu ya dawo bai samu aikin ba. A tsakar gida kakata ta tare shi.

"Ɗan nan, kayanka sun jiƙe paa, sharkaf. Amma na wanke, na shanya maka. Ko ɗaya bai ɓata ba."

Ya ɗauko faifai guda ya ɗaga shi sama, ya daɗe yana kallo. Ni fuskarsa nake kallo.

"Na gode, Mma. Allah ya saka da alheri."

"Amin. Ka gyara rufin nan dai."

Yawancin fayafayan sun tashi daga aiki, allura ba ta zama a kansu. Kaɗan suka yi saura, har da wanda ya fi so. Ya ɗora kwabo a kan hannun garmahon don ya danne allurar, faifan ya juya, sautin yana hawa yana sauka kamar motar haya ta trotro a hanya mai gargada. Haka muka ci gaba da jin sa shekara da shekaru. Bai taɓa gaya wa kakata cewa shanyar nan ce ta lalata su ba. In ta wuce ƙofar ta ji kiɗan, takan tsaya ta ce, "Ka ji ko, har yanzu suna yi." Da alfahari take faɗa.

Dukansu sun rasu, Allah ya ji ƙansu. Yanzu kiɗan nan duk yana cikin waya, ba abin da ruwa ko rana za su yi masa. Na bi ƙungiyoyin da kawu yake so, na gano wasu da bai taɓa ji ba, kuma har yau da ganga nake farawa. Kwanaki na nemo wancan faifan da ya fi so. Sauti ya fito tsaf, babu hawa babu sauka, daidai yadda masu shi suka yi shi. Na ji shi baƙo. Hannun kakata ne babu a ciki, sai na kashe.