Shaidar Malam Modi a Gindin Gawo

Har gobe ban manta da ranar da babban jami'inmu ya zo daga Sakkwato ya zauna a zauren Lambara ba, magidanta cike da zaure suka yi masa tsit kamar ruwa ya ci su. Ku yaran yanzu da kuke zuwa duba aji da waya a hannu, ku ɗan ajiye ta ku saurara.

A 1983 ne. Ina mai duba ajujuwan yaƙi da jahilci, ofishina a Boɗinga, amma saboda ƙarancin ma'aikata aka haɗa mini da ƙauyukan wajen Shagari, irin su Kajiji da Mandera da Lambara. Aikin mai duba shi ne ya hau babur ya je ya ga ko malami yana zuwa, ko karatu yana shiga, ya ba malamin shawara, sannan ya kai rahoto sama. Shekarar tsuke bakin aljihu ce. Alli ma sai an yi rabo, man babur kuwa kada ku tambaya. Ana cikin haka aka sanar da mu cewa za a rufe duk ajin da bai nuna amfaninsa ba, kuma babban jami'i da kansa zai zagaya ya gani.

Malamin ajin Lambara sunansa Sahabi, tela ne a kasuwar Shagari, ya gama firamare bai ci gaba ba. Mayen kotu ne na gasken gaske. Ranar da alƙali ke zama, sai ya rufe keken ɗinki ya je ya tsuguna can baya yana sauraro, mai riga ya zo karɓa ya tarar da shago a kulle. Daga wannan maitar ya ƙirƙiro wani wasa don ɗalibansa. Zai tsara ƙara ya rubuta a gutsattsarin kwalin sukari: na mai ƙara daban, na wanda ake ƙara daban, na shaidu daban. Kowa ya karanta nasa da ƙarfi, sauran aji su ne alƙalai. Ɗaya daga cikin shaidun ƙarya yake yi, kuma abin da zai tona shi yana cikin maganarsa. Dokar wasan ita ce wanda ya gano ya miƙe tsaye, ya nuna shaidan da yatsa, ya ce, "Ƙarya kake yi, ga dalili."

Ya kawo mini wasan Boɗinga don in duba, muka gwada shi da samarin teloli da 'yan tireda. Ƙarar jaki ce da aka ce ya shiga gero da damina ya yi ɓarna. Shaida ɗaya ya yi dogon bayani: yadda ya dawo daga gona, hadari ya taso, ruwa ya tsuge, ya ruga ya fake a gindin gawo, ganye ya rufe shi ko ɗigo bai taɓa shi ba, daga nan ya hango jakin. Samarin nan suka yi ta musu har jijiyar wuya ta tashi. Can sai wani ya daka tsalle ya ce, "Kai! Gawo da ganye da damina? Ƙarya kake yi!" Wuri ya kaure da shewa, don kowa ya san gawo kakkaɓe ganyensa yake yi idan ruwa ya sauka. Na dubi Sahabi, bakinsa har kunne. Na ce masa, "Wannan shi zai ceci ajinka."

Sati na zagayowa na bi shi Lambara. Bayan la'asar ake karatu, idan mutane sun dawo daga fadamar albasa. Akwai wata ƙa'ida tamu ta malamai wadda ba wanda ya taɓa tuhumarta: rubutu mafi tsawo a ba wanda ya fi iya karatu. A wasan Sahabi kuwa, kwalin maƙaryaci shi ne kullum mafi tsawo, don ƙarya tana bukatar wurin ɓuya. Wanda ya fi kowa karatu a ajin nan shi ne Malam Modi, dattijo mai furfura, wanda rabin zauren a hannunsa suka yi karatun allo, wasu kuma 'ya'yansa suke aure. Ya daɗe da sanin ajami, boko bai ba shi wahala ba.

Malam Modi ya karanta shaidarsa tiryan-tiryan, har da ganyen gawo. Sahabi ya ce, "To, alƙalai, wa ke ƙarya?" Shiru. Wani yana kallon tabarma, wani yana gyara hula, wani yana sosa ƙafa. Aka jira, aka sake karantawa, shiru dai. Sai na tambaye su a nan gaban kowa, "Ya yi wuya ne?" Wani manomi mai suna Altine, surukin Malam Modi, ya ce, "E to, ranka shi daɗe, akwai wuya." Sauran suka gyaɗa kai.

A hanyar dawowa na ba Sahabi shawara irin ta masu duba aiki. Na ce ƙaryar ta ɓuya da yawa, a fito da ita fili. Bai yarda ba. Ya ce, "Yallaɓai, manoma na fa. Wane manomi na bai san gawo ba? 'Yan tireda ma sun gane." Na ce masa 'yan tireda sun saba da boko, waɗannan kuwa hankalinsu duk ya tafi wajen haɗa baƙi, ba su da sauran wanda za su kama ƙarya da shi. Ni kaina na yarda da maganar nan, ta yi kama da ilimi. Da muka iso Shagari ya ce, "To, kai ka san aiki."

Ya cire gawo. Sati na gaba shaida ya ce jakin fari ne, can ƙasa ya ce baƙi ne. Malam Modi ya karanta, aka sake yin tsit. Na sake cewa a sassauta. Wallahi ina ganin Sahabi yana yanke wasan nan kamar telan da aka sa ya rage babbar riga har ta koma 'yar shara. Ya ce da ni, "In na ƙara ragewa, ba wasa ba na kuma, raini na." Na ce masa raini ya fi rufe aji.

Ran nan da aka tashi, Malam Modi ya tsaya har kowa ya fita, ya matso kusa da mu ya rage murya. Ya ce, "Malam Sahabi, idanu sun fara gajiya. Da za a ba ni ɗan ƙaramin kwalin nan na mai jaki, a ba wani yaro dogon." Muka yi dariya, muka ɗauka kawaici ne irin na manya. Na ce, "Haba Baba, in ba kai ba wa? Ga babban baƙo tafe, kai ne adonmu." Ya dube ni, ya dubi Sahabi, ya ce, "To, Allah shi kyauta." Ya sa takalmansa ya tafi.

Ranar zuwan babban jami'i aka share zaure, aka shimfiɗa sabuwar tabarma, aka aro kujera. Mutum ne mai gaggawa, yana da ajujuwa da yawa a gabansa kafin magariba. Sahabi ya raba kwalaye. Wannan karon ko yaron goye zai gane: shaida ya ce ranar da abin ya faru yana Sakkwato wajen jinya, a layi na gaba ya ce da idonsa ya ga jakin a Lambara. Malam Modi ya karanta, muryarsa ƙasa-ƙasa, bai ɗaga kai ba.

"Wa ke ƙarya?" in ji Sahabi. Ba wanda ya motsa. Ya kira Altine da suna. Altine ya ce, "Allah shi ba ka haƙuri, Malam, ban gane ba." Babban jami'i ya duba agogo, ya juyo gare ni ya ce, "Wannan ne abin da ka cika mini kunne da shi? Magidanta sun shekara a aji, a ce mutum yana Sakkwato yana Lambara, su kasa gane akwai magana?" Na ce, "Ranka ya daɗe, suna karatu, tsoron baƙo ne." Ya ce, "Ajin Kajiji ma sun ga baƙo." Ya miƙe. Kafin wata ya ƙare aka rufe ajin Lambara, aka sallami Sahabi.

Ya koma kan kekensa. Kotun ma ya daina zuwa. Idan na biya ta shagonsa na taɓo maganar wasa, sai ya ce, "Bar shi, yallaɓai. Abin da mutane ba su ganewa, mi a amfaninai?" Abin yana ci mini rai.

Bayan wasu shekaru, Malam Modi ya riga mu gidan gaskiya, na je gaisuwa. Da zan tafi Altine ya raka ni wajen babur, mu biyu kawai. Hira ta kawo mu kan aji, na ce masa na yi baƙin cikin yadda wasan nan ya fi ƙarfinsu. Ya tsaya cak, ya dube ni kamar na zage shi.

Ya ce, "Ya fi ƙarfin wa? Ranka shi daɗe, tun ranar farko munka gane. Gawo da ganye da damina? Muna fita zaure muna dariya har fadama. Sati guda muna maimaita shi wajen ban-ruwa."

Na ce, "To me ya hana ku faɗa?"

Ya ce, "Subhanallahi! In tashi tsaye, in nuna surukina da yatsa, mutumin da yak koya min Fatiha, in ce mishi ƙarya yake yi? Gaban jama'a? Ko cikin wasa bakina ba ya iyawa. Da ɗan'uwana kunka ba kwalin, da kun ji hayaniya har Mandera."

Na ce ai na tambaye su ko ya yi wuya. Ya ce, "Gabanai kat tambaye mu. Mi za mu ce? Kuma da kunka riƙa sassautawa, sai munka ga kun mai da mu yara. Shi ma marigayi ya ce ya roƙe ku a canza mishi kwali, kunka yi dariya."

Ban san yadda na hau babur ɗin nan ba. Ban bi ta gida ba, kai tsaye na nufi kasuwar Shagari. Na tarar da Sahabi yana ɗinkin wata taguwa, furfura ta fara fito masa. Na zauna a benci na kwashe duka na faɗa masa, ƙafarsa tana kan keke bai daina takawa ba. Sai da na kai ƙarshe ya tsaya.

Bai yi maganar aikin da ya rasa ba, bai kuma ce ai ya gaya mini ba, alhali yana da hakkin faɗa. Abin da ya tambaya kawai shi ne, "Na gawon? Na farkon nan, kafin in taɓa shi?"

Na ce, "Shi."

Ya ce, "Sun gane shi?"

Na ce, "Dukansu. Har suna dariya."

Ya cire tabarau ya goge ido da bakin taguwar mutane. Ya ce, "Ashe daidai yake." Sannan ya ci gaba da ɗinki. Na roƙe shi ya sake tsara wani, ko don ajujuwan da suka rage. Ya ce hannun ya manta, kuma bai sake ba har ya bar duniya.

To, abin da aikin nan ya koya mini ke nan, kuma da tsada na saye shi. Idan kun je aji kuka yi tambaya aka yi shiru, kada ku yi saurin cewa mutane ba su gane ba, kada kuma ku sa malami ya lalata abinsa mai kyau. Ku fara duba wa ke zaune a gaba, da abin da yake gare su. Mutanenmu za su yarda a kira su jahilai a gaban baƙo, a rufe musu aji, da dai su kunyata babba. In kuna son gaskiya, ku bar wani ya raka ku wajen babur. Ni tafiyar da ba ta kai taku ashirin ba ce na yi latti da ita, har Malam Modi ya shiga ƙasa, Sahabi kuma ya ajiye alƙalami.