Halidu Mai Motar Ƙirgi

Duk wanda ya ci kasuwar Madawa a shekarun yaƙin Jamus ya san Halidu mai motar ƙirgi. Tsohon soja ne, a bariki ya koyi kwance inji da ɗaurawa. Da ya dawo gida sai ya sayi wata ƙaramar motar kaya da wani Balaraben kanti ya yasar a bayan shago, kaji na ƙwai bisa kujerarta. Ƙusa arba'in da ɗaya ya tarar babu, maƙera suka ƙera masa su. Akwatin bayanta kuwa da hannunsa ya haɗa shi, katako goma sha biyu na maɗaci, ya shafe su da shuɗin fenti. Ko baƙo bai yarda ya jingina da su ba.

Yaƙi ya yi tsanani, man mota ya ɓace. Halidu ya ɗaura mata tukunyar nan ta lokacin, wadda ake cika wa gawayi injin ya sha hayaƙinta. Tayoyi suka mutu, babu sababbi ko a Tawa. Matarsa Tabawa, ɗiyar majema, ita ta ce a danƙare su da ƙaiƙayi a naɗe da ɗanyen ƙirgi, in ya bushe zai kama kamar ƙarfe. Haka aka yi, mota ta ci rani guda lafiya lau.

Da damina ta faɗi sai ga saƙon yayansa Isufu daga Babankatami: shukar fari ta ƙone, iri ya ƙare, ga shi an samu ruwa mai ƙarfi. In iri bai zo ba kafin laima ta gudu, gonar gidansu ba ta ganin hatsi bana. Halidu bai tsaya shawara ba. Ya ɗora taiki takwas na irin gero, ya kira taubashinsa Jima, mai hura masa wutar tukunya, suka kama hanya.

Ashe ruwan da ake murna da shi shi ne maƙiyin ƙirgi. Ƙoramar farko da suka ratsa, fata ta jiƙe ta saki, taya ta shiga fal-fal.

"Taubashi, takalmin tsohuwarka ya kwance," in ji Jima. "In nemo muna jakkai?"

"Jakkai sai jibi, sa'annan ƙasa ta bushe. Kai dai ɗebo gawayi."

Suka ɗaga mota bisa duwatsu, suka ja fata suka ƙulle, suka gasa ta har ta kama. A ƙorama ta biyu ma haka. A ta uku Halidu ya zura hannu cikin buhu ya auna: gawayin da ya rage ko dai na inji, ko na gashi, ba ya isar biyun. Itacen daji kuwa duk ya jiƙe sharkaf.

Ya tsaya yana duban katakonsa. Sannan ya ɗauko guduma.

"Kai! Wanga da ka hana ni jingina da shi?"

"Yanzu jingina, in ka iya."

Maɗaci busasshe ya ci wuta bal-bal, fenti na ƙauri. Kowane kwari suka tsallaka sai an ɓalle biyu ko uku, taikunan kuma aka ɗaure su da igiya, Jima na kwance bisa yana riƙo yana zagin kakan motar.

La'asar suka shiga Babankatami da katako biyu tak. Isufu ya zagaya motar, ya riƙe baki.

"Halidu, ina bayanta?"

"Ta cinye shi bisa hanya, Yaya." Ya durƙusa ya damƙi ƙasa, ta dunƙule a tafinsa. "Da sauran laima. Ku ɗauko sungumi."

Kafin rana ta faɗi an rufe rabin gonar, washegari aka ƙarasa. Da kaka Isufu ya saƙa wa Halidu zana daga karan gonar nan, aka kewaye bayan motar da ita. Da zanar ta yi ta zuwa kasuwa har yaƙi ya ƙare, kowa kuma ya ga dama ya jingina.