Akuyar Tirmini da kabul ɗina

Yau da safe na tarar da akuyar ƙanena tana tauna kabul ɗin intanet ɗinmu. Fari ne ya sa ya kawo mini awakinsa daga Tirmini. Na fusata, na ce yau za su koma, ko da can babu ciyawa.

Mai gyara ya zo. "Hajiya, mu sa kabul bilinde, mai rufin ƙarfe a ciki."

"Me yake karewa?"

"Katsalandan ɗin wutar manyan injuna."

"Malam, inji nawa ka gani a gidan nan? Matsalata haƙora gare ta."

Ya yi dariya, ya zura kabul marar rufin ƙarfe cikin tiyo, ya bi da shi saman katanga. Intanet ya dawo.

Awaki sun zauna. Na zuba musu dusa, muna hararar juna.

Ku fa, me baƙin fari suka cinye muku bana?