Na Je Dutse Ganin Fim Mai Tabarau

Miga

Ana kiran assalatu na riga na yafa mayafi. Dalilin tafiyar, autana Sabo ne ya dage sai ya sayar da shanun huɗarmu biyu, ya sayi talabijin irin wadda ake kallo da tabarau, abin ciki ya riƙa fitowa waje, ya buɗe gidan kallo. Wai tiri-di, wai nan gaba duk fim haka zai koma. Ga damina saura wata guda. Na ce ba a kwance ko sa ɗaya sai na gani da idona. Ƙarfe shida ya goya ni a babur.

Jahun zuwa Kiyawa

Bakwai da rabi muka bar babur wajen abokinsa a Jahun, muka sha koko da ƙosai na ɗari biyar, muka shiga mota. Direba ya ce, "Hajiya, asibiti za a je?"

"Fim za ni kallo."

Mota ta kwashe da dariya. Na ce, "Ku yi abinku. Shekara arba'in ina sa yara su ga kura a tsakar gida da bakina kawai. Za ni in ga wanda aka ce ya fi ni."

A shingen Kiyawa jami'i ya leƙo, "Iya, me aka riƙo mana?" Na ce addu'a. Ya ɗaga hannu muka wuce.

Dutse

Sha ɗaya muka sauka. Bayan azahar muka shiga gidan kallon wani Malam Idi, dubu ɗaya kowane mutum. Aka manna mini tabarau baƙi. Wani ƙaton kifi ya taso baki buɗe, Sabo ya sunkuya har hularsa ta faɗi.

"Inna, kin ga ya kusa cafke ki?"

"Kifi ne a akwati, yana inda yake."

Da aka tashi Malam Idi ya rusuna ya ce, "Hajiya, ki gafarce ni. Idanun duka biyu suna aiki? Shi wannan sai da ido biyu."

Shekara biyu ke nan na hagu ya rufe, ban gaya wa kowa ba, don kada a fara jan hannuna. Ƙarya kuwa ba zan fara ta da furfura ba. Na faɗa. Sabo ya ce, "To Inna, ashe ba ki gani ba. Yaya za ki yanke hukunci?"

"Kifinka ne ban gani ba, Auta. Mutane na gani. Mu tara ne a ɗakin da zai ɗauki hamsin. Uku sun cire tabarau suna murza goshi. Ga kwali can cike da wasu, har gizo-gizo ya yi saƙa. Malam Idi, tsakaninka da Allah, yaushe rabon da ɗakin nan ya cika?"

Ya sosa ƙeya. "Watan farko. Fim huɗu gare ni, kowa ya gani, sabo ba ya zuwa. Nuna ƙwallo ne ke riƙe da ni."

"Shi wannan yaron a ina zai sayi tasa talabijin?"

"Ai tawa zan sayar masa."

Abin da ba a marmarin komawa gare shi yayi ne, na sha ganin irinsa.

Gida

Muka kwana wajen ƙanwata a Dutse, ta yi mana tuwon dawa miyar kuka. Washegari ƙarfe ɗaya muna Miga. Sabo bai shiga ɗaki ba sai da ya zuba wa shanu harawa. Kafin la'asar kuma ya baza maganar idona duk dangi, Litinin za su kai ni asibiti.

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, da maƙwabciyata Malama Hauwa da ta rubuta wannan daga bakina. Malam Idi ma na gode masa. Sau biyu ya faɗi gaskiya, ɗaya a kaina, ɗaya a kansa.