Man Keke da Bindigar Baffa

Jiya na shaƙi warin man keke a shagon tela a Gyaɗi-Gyaɗi, sai Baba ya faɗo mini a rai. Maharbi ne, duk Juma'a da wannan man yake goge bindigarsa.

Wata rana ƙaninsa, Baffa, ya kawo tasa da ta sha damina a rataye. Baba ya leƙa bakinta, ya daka masa tsawa: "Kar ka harba, tsatsa ta cinye ta!"

Baffa ya yi dariya, ya ɗura albarushi, ya ja kunama. Bindigar ta tarwatse. Yatsu uku a ƙasa, jini har bango. Da tsumman goge bindiga Baba ya ɗaure masa hannun, yana zaginsa yana kuka.

Allah ya haskaka kabarinka, Baba, fiye da yadda ka haskaka ƙarfen bindigarka.